Babi na Shida: Rimot Ɗaya Ya Ishi Falo

A yawancin falon da aka ɗan kashe wa kuɗi, rimot ba ya gaza uku. Akwai na talabijin, akwai na dikodar DStv ko GOtv ko StarTimes, akwai na risibar Strong da ake kama tashoshin kyauta da ita, sai na hom-tiyata, wanda ya fi kowanne saurin ɓata a tsakanin kujeru. In gidan masu kallo ta intanet ne, an ƙara da ɗan siririn nan na Fire TV Stick ko na akwatin Android. Maɓallai ga su nan rututu, amma abin da ake taɓawa a wuni bai wuce kunnawa da kashewa, ƙara murya da ragewa, canza tasha, da kuma maɓallin da ke mayar da hoto daga HDMI 1 zuwa HDMI 2 ba. Wannan na ƙarshen shi ke hana tsofaffi kallo idan yara ba sa gida. Hajiya tana son ganin Daɗin Kowa a Arewa24, talabijin a kunne, dikoda a kunne, allo kuwa baƙi ƙirin da 'yar rubutun Turanci tana yawo a kai, saboda wani ya buga wasa jiya da dare bai mayar da layin ba.

Maganin da kasuwa ta kawo shi ne rimot gama-gari, wanda masu shago ke kira yunibasal: guda ɗaya da za a saita ya ɗauke aikin sauran. Sai dai wanda ake tallarsa a tire a bakin titi yunibasal ne, wanda kuɗinsa ya kai na ƙaramar waya shi ma yunibasal ne, kuma tsakaninsu akwai tafiya mai nisa. Mai sayen farko yakan tsaya yana kwatanta farashi da yawan maɓalli, alhali abin da zai yanke hukunci yana can gida, a jikin kayan da ya riga ya mallaka.

Matsalar ta girmi yawancin masu karanta wannan littafi. Kamfanin Zenith na Amurka ya fito da rimot ɗinsa na farko a 1950, mai suna Lazy Bones, da doguwar waya da ta ratsa ɗaki mutane suna tuntuɓe da ita. A 1955 injiniyan kamfanin, Eugene Polley, ya ƙera Flash-Matic, wata irin tocila da ake haska kusurwoyi huɗu na talabijin da ita. Illarta, hasken rana ma idan ya faɗo ta taga yakan ba da umarni. Shekara guda bayan haka Robert Adler ya zo da Space Command, wanda ba ya cin batir: 'yan sandunan alminiyom ne a ciki, ana bugunsu su fitar da ƙarar da kunnen mutum ba ya ji. Wannan dabara ta yi zamaninta har farkon shekarun 1980, lokacin da hasken infared ya karɓe fagen. Da bidiyo mai kaset ya shigo falo, rimot ya fara yawa, sai Philips ya fitar da gama-gari na farko a 1985 da sunan Magnavox. A 1987 kuma Steve Wozniak, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Apple, ya fito da CORE, wanda ake iya tsara masa jerin umarni ya aiwatar da su bi da bi.

Abin da ke fita daga goshin rimot

A goshin rimot akwai ɗan ƙwan fitila da ke fitar da hasken da ido ba ya gani. Idan kana so ka gan shi, buɗe kyamarar waya, ka saita rimot ɗin a kanta ka danna kowane maɓalli, za ka ga ƙwan yana ƙyalli fari-fari ko shuɗi-shuɗi. In kyamarar baya ba ta nuna ba, gwada ta gaba, domin wasu wayoyin suna tace wannan hasken. Da wannan gwajin ake bambance rimot ɗin da ya mutu da wanda talabijin ce ta daina jin sa.

Ƙwan yana ƙyaftawa da saurin da ya kai sau 36,000 zuwa 40,000 a daƙiƙa, sannan a yayyanka ƙyaftawar zuwa dogo da gajere, su zama lambobi. Idon da ke jikin talabijin an ƙera shi ya kula da wannan saurin kaɗai, shi ya sa fitilar ɗaki ba ta cika ruɗa shi ba. Lambar kuma kashi biyu ce: wa ake nufi, da me ake so ya yi. Kowane babban kamfani da nasa tsari. Philips yana da RC-5 a kan 36,000, Sony yana da nasa a kan 40,000, sai tsarin kamfanin NEC na Japan a kan 38,000, wanda shi ne yawancin kayan China masu sauƙin kuɗi suke ara. Aron nan ne ke sa wani lokaci ka danna rimot ɗin risiba, fitilar adon bango ta canza launi.

Duk aikin rimot gama-gari shi ne ya san waɗannan lambobi ya maimaita su. Amma ba kowace na'ura ce ke ji da haske ba, kuma a nan ne kuɗin mutane da yawa yake narkewa. Fire TV Stick ba shi da idon infared ko kaɗan, da Bluetooth yake ji. Haka PlayStation 4 da 5. Xbox One da na bayansa suna da idon. Manyan talabijin na LG da Samsung suna zuwa da rimot mai Bluetooth, na LG har da 'yar kibiya mai yawo a allo, amma talabijin ɗin kansu suna karɓar infared, don haka gama-gari na talaka ma zai sarrafa su, illa dai ba kibiya, ba kuma magana da murya. Dikodoji da risibobin da aka saba gani a gidajenmu kuwa da infared suke aiki.

Ba sai ka haddace wannan ba. Ɗauki kowane rimot, ka cusa shi ƙarƙashin matashi ko bargo mai kauri, ka danna maɓallin kibiya. In na'urar ta amsa, ba da haske take ji ba. A rufe shi sosai, domin infared yana dukan bango ya dawo, tafin hannu kaɗai ba ya tare shi koyaushe. A gwada da kibiya, kada a gwada da maɓallin murya ko na kashewa, domin a rimot ɗin Fire TV da ire-irensa waɗannan sukan fita da haske kai tsaye zuwa talabijin. Daga nan a sami takarda a rubuta sunan kowace na'ura, lambar samfurinta da ke manne a baya, da kuma yadda take ji. Da wannan takarda ake zuwa kasuwa.

Mai littafi, mai koyo, mai manhaja

Mafi araha shi ne mai ɗan littafin lambobi. Kana neman sunan kamfanin talabijin ɗinka a jeri, ka shigar da lamba uku ko huɗu ko biyar, ka gwada. In ba ta yi ba ka gwada ta gaba, in duk sun ƙi ka sa shi ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya har talabijin ta mutu, ka yi maza ka tsayar da shi. Ga mai LG ko Samsung ko Sony ko Hisense, wannan yakan wadatar. Sai dai littattafan nan galibi an tsara su ne don kasuwar Amurka da Turai. Da wuya ka buɗe ka ga Polystar ko Nexus, balle risibar da ba ta da suna sai hoton zaki a kwali. Ko an dace lambar ta kama, sau da yawa murya da tasha ne za su yi, maɓallin menu ya ƙi.

Na biyu shi ne mai koyo, kuma shi nake ba mai sayen farko shawara ya nema. A jikin kwalinsa ana rubuta Learning. Yana da ido irin na talabijin: ka ajiye shi a tebur goshi da goshi da tsohon rimot, tazarar yatsa biyu ko uku, ka danna maɓallin da kake so ya ɗauki darasi, ka danna takwaransa a tsohon, fitilarsa ta ƙyafta alamar ya riƙe. Bai damu da sunan kamfani ba, abin da ya gani shi yake kwafewa. Ana samunsa daga masu sauƙi irin na Chunghop har zuwa na One For All. Sharaɗinsa ɗaya, sai tsohon rimot yana da rai. Wanda nasa ya riga ya ɓata ko ya mutu, sai ya aro na maƙwabci mai irin na'urar na rabin awa.

Kafin a fita nema ma, a duba rimot ɗin dikoda ko na akwatin Android da kyau. Wasu suna da 'yan maɓallai huɗu ko biyar a sama, an zagaye su da layi an rubuta TV. Waɗannan masu koyo ne. Mutane da yawa sun shekara da su a hannu ba su taɓa saita su ba, alhali in kayan falo talabijin ne da akwati ɗaya, magana ta ƙare a nan.

Na uku shi ne wanda ake saitawa da manhajar waya. SofaBaton U2 misali ne: yana yin infared da Bluetooth, yana koyo, kuma yana zaƙulo lambobi daga rumbun kamfanin a intanet. Babban yayansa X1 yana zuwa da ɗan akwati da ake ajiyewa kusa da kaya, rimot ya yi wa akwatin magana ta rediyo, akwatin ya watsa umarni, ta yadda ko dikoda tana cikin kabad a rufe ba matsala. BroadLink RM4 kuwa akwatin ne kawai, waya ce rimot ɗin. Duk wanda takardarsa ta nuna akwai na'ura mai Bluetooth, kuma ya dage sai rimot ɗaya, galibi wannan layin zai zo.

Waya a matsayin rimot ba na ganin dacewarta a gidan da mutane suke da yawa. Wayoyin Redmi da dama suna da ƙwan infared a samansu, kuma suna fitar da mutum kunya ran da rimot ya ɓata. Amma mai gida zai fita da wayarsa, kira zai shigo ana tsakiyar labarai, kuma gilashi ba shi da maɓallin da yatsa zai lalubo cikin duhu.

Maɓalli ɗaya, da abin da ɗauke wuta ke yi masa

Abin da ke jan mutane zuwa ga masu tsada shi ne jerin umarni. Ka danna maɓalli ɗaya da ka sa wa suna Ƙwallo, rimot ya kunna talabijin, ya kunna dikoda, ya kunna hom-tiyata, ya ɗan jira, ya mayar da talabijin HDMI 2, sannan ya ba maɓallin murya ga hom-tiyata, na tasha ga dikoda. Idan ya yi daidai, abin gwanin sha'awa, kuma shi ne ainihin abin da Hajiya take bukata.

Amma infared ɗan aike ne da ba ya dawowa da amsa. Rimot yana faɗa ne kawai, bai san ko an ji ba, bai kuma san halin da na'urar take ciki ba. Ƙari a kan haka, yawancin na'urori lamba ɗaya suke da ita ta wuta: in suna kashe ta kunna su, in suna kunne ta kashe su. To a ce dikoda tana kunne tun ɗazu, talabijin ce kaɗai a kashe. Ka danna Ƙwallo, talabijin ta tashi, dikoda ta mutu. Ka sake dannawa, su yi musanya. Masu wayo daga cikin rimot ɗin suna ƙoƙarin magance wannan ta hanyar tuna abin da suka kunna da abin da suka kashe. Wannan lissafi yana tafiya daidai a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa kuma ba wanda ke taɓa maɓallin jikin talabijin. A namu falon, wuta za ta ɗauke ana kallo, a tayar da janareta ko a juya zuwa inbata, dikoda ta tashi da kanta ta ɗauki lokaci tana loda tashoshi, talabijin ta tsaya a jan ido tana jira, rimot kuwa yana nan a kan cewa komai a kunne yake.

Hanyoyin fita biyu ne. Manyan kamfanoni irin su LG, Samsung da Sony suna da lambobi na daban, ɗaya ta kunnawa zalla, ɗaya ta kashewa zalla, har da wadda ke kai ka HDMI 2 kai tsaye ba tare da bin layi ba. Ba sa jikin rimot ɗin da ya zo a kwali, don haka mai koyo ba zai samo su daga can ba, amma sukan kasance a rumbun masu manhaja, kuma wannan shi ne babban abin da kuɗinka yake saya a wurinsu. Ɗaya hanyar ta fi sauƙi: a cire dikoda daga cikin jerin gaba ɗaya, a bar ta da nata maɓallin wuta, jerin ya tsaya kan talabijin da sifika da zaɓen layi. Gajeren jeri ya fi dogo amana, musamman da yake sai an riƙe rimot a saite har ya gama aika saƙonninsa, yaro kuwa da ya danna yake jefar da shi kan kujera.

Akwai kuma hanyar da ba a biyan ko kobo. Wayar HDMI tana da layi guda, na 13, da na'urori ke aika wa juna umarni ta kansa. Sunan tsarin CEC, amma kowane kamfani ya raɗa masa nasa: Anynet+ a Samsung, SimpLink a LG, Bravia Sync a Sony, Viera Link a Panasonic, EasyLink a Philips. In ka shiga saitin talabijin ka kunna shi, kibiyoyin rimot ɗin talabijin za su iya tuƙa Fire TV Stick ko PlayStation, muryar kuma ta wuce ga sifikar da aka haɗa ta ramin da aka rubuta wa ARC. Wato gama-gari mai infared zalla zai iya isa ga na'ura mai Bluetooth ta bayan gida, ta hannun talabijin. Tsarin yana da taurin kai, wani lokaci na'ura ta farka ta ƙwace allo ba a kira ta ba, kuma risibobi masu araha galibi ba su san da shi ba. Duk da haka a gwada shi kafin a kashe kuɗi.

Darasin Harmony

Wanda ya nemi shawara a intanet zai ci karo da sunan Harmony, har ya ga ana sayar da na hannu da tsada. Logitech ya sayi kamfanin Kanada da ya ƙirƙiro shi, Intrigue Technologies, a 2004, kuma shekaru masu yawa ba wanda ya kama ƙafarsa a wannan fage. A watan Afrilun 2021 Logitech ya sanar da daina ƙera shi. Tun kafin nan, a 2018, ya rufe hidimar wani samfuri mai suna Harmony Link, na'urorin da ke gidajen mutane suka zama ba su da amfani, sai da aka yi ca a kansa ya ba masu su sabon akwati kyauta. A 2025 kuma ya janye tallafin manhajar da ake saita tsofaffin samfura da ita. Rimot ɗin yana nan lafiya a hannu, yana yin abin da aka koya masa a da, amma ran da ka sayi sabuwar talabijin babu ƙofar da za ka bi ka faɗa masa.

Abin dubawa ke nan a kowane rimot mai manhaja, ko na wane kamfani ne: shin za a iya saita shi ko a koya masa sabon maɓalli ba tare da intanet ba? Shin bayan an saita shi yana aiki ko ba data, ko ba Wi-Fi a gidan? Na farkonka dai ya kasance wanda ke riƙe karatunsa a cikinsa.

A shago

Ko a Sabon Gari ta Kano ne ko a Alaba ta Legas, amsar farko ɗaya ce: “Alhaji, wannan duk yana yi, ba talabijin ɗin da ba ya kamawa.” Ba lallai ƙarya yake yi da gangan ba, a kan LG ɗin da ke shagonsa ya gwada. Ka fito da tsohon rimot ɗin risibarka daga aljihu ka ce, “Malam, don Allah koya masa wannan maɓallin mu gani.” In ya koya, ka ce a cire batir na minti ɗaya a mayar. Mai kyau yana ajiye karatunsa a ma'ajiyar da ba ta bukatar wuta. Na banza yana mantawa, ka koma gidan jiya duk ran da aka canza batir. Ka kuma yi ciniki a kan cewa in bai yi da kayanka ba za ka dawo da shi.

Sannan ka riƙe shi a hannu kamar kana gida. Yana da maɓallan lamba daga 0 zuwa 9? Rimot na zamani da yawa sun zubar da su, alhali mai dikoda da lamba uku yake tsallakawa daga labarai zuwa ƙwallo. Yana da ja, kore, rawaya da shuɗi? Ba a shirya tashoshi a risiba sai da su. Maɓallin murya da na tasha sun bambanta a ƙarƙashin yatsa? Na'ura nawa yake ɗauka, kuma akwai gurbi ɗaya ko biyu na abin da za a saya gaba? Batir kuwa, na fi son mai cin AA ko AAA da ake samu a kowane teburin mai shayi da kantin unguwa, a kan mai caji da zai mutu daidai ranar da aka kwana biyu ba wuta. Mai allo da hasken maɓalli yana da daɗi da dare, amma ya fi cin batir.

Kada a sa rai da na'urar sanyaya ɗaki. Rimot ɗinta ba ya aika maɓalli ɗaya-ɗaya. Duk dannawa yana aika cikakken bayani a dunƙule, zafi nawa, fanka wane mataki, iska ta ina, kuma saƙon yakan yi wa ƙananan masu koyo tsawo. In ma ya koyu, saiti ɗaya ya kwafe, misali kunna a kan 24, ba ƙari ba ragi.

Idan an kawo shi gida, a sa sabon batir a tsoho da sabon duka kafin a fara koyarwa, a kuma kauce wa hasken rana da fitila mai ƙarfi, domin suna gurɓata abin da idon yake ɗauka. A fara da talabijin, a gwada kowane maɓalli kafin a wuce na'ura ta gaba. Maɓallin da ya ƙi koyuwa, a canza tazara ko a gwada gajeren dannawa maimakon dogo. A kulle murya a kan na'ura ɗaya, in rimot ɗin yana da wannan damar, don kada ta riƙa yawo tsakanin dikoda da talabijin. Ledar da ake naɗe rimot da ita saboda ƙurar hunturu da hannun yara ba ta hana hasken wucewa muddin fara ce, amma a naɗa ta bayan an gama saiti. Lambobin da suka yi aiki a rubuta su a 'yar takarda a manna a cikin murfin batir. Tsofaffin rimot kuma kada a ba yara su yi wasa da su: a cire musu batir don kada zafi ya sa ya tsiyaye ya cinye ƙarfen, a haɗa su a leda ɗaya a sa a durowa, domin su ne malaman sabon duk ran da ya faɗi ya fashe aka sayo wani.